Da muka kasa zuwa sujada, ikilisiya ce ta zo ɗakinmu

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina so in bada wannan shaidar amma duk lokacin da na ɗauki waya zan fara rubutu sai wani aiki ya taso, mai jinya ai bashi da lokacin kansa. Abinda ya tura ni yau shine wata magana da nake yawan ji yanzu musamman a bakin matasa, har ɗana na fari ya taɓa faɗa min, wai Mama Allah ai yana ko'ina, in mutum ya buɗe wayarsa ya ji wa'azi ya yi addu'arsa a ɗaki ai shikenan, me zai kai shi cikin taro. Gaskiya ne Allah yana ko'ina, ba wanda ya isa ya musa wannan. Amma ni na yi sujadar waya na tsawon lokaci, ba don ina so ba, dole ce ta sa ni, na ga amfaninta na kuma ga inda ta tsaya, shi yasa nake ganin ina da bakin magana a kai.

Ni a cikin ikilisiya na tashi, daga makarantar Lahadi zuwa ajin baftisma zuwa kwaya, a kwaya ɗin ma muka haɗu da maigidana, shi yana cikin maza masu babbar murya a layin baya ni ina gaba. Zuwa coci a wurinmu ba abin shawara ba ne, Lahadi tayi kowa ya san abinda zai yi, ranar addu'ar tsakiyar mako ma haka. Ban taɓa zama na tambayi kaina me nake samu a wurin ba, sabida ban taɓa rasa shi ba.

Wajen ƙarshen 2019 wata rana da asuba maigida ya tashi zai shiga banɗaki sai naji faɗuwa. Na same shi a ƙasa bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama basa motsi, yana kallona yana son yayi magana maganar bata fita. A asibiti likita yace shanyewar ɓarin jiki ne, hawan jini ya kawo shi, kuma abin ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi yasa gefen dama ya shanye magana kuma ta ɗauke. Dan Allah bari in ɗan tsaya anan, ku riƙa zuwa awon jini ko kuna jin kanku lafiya lau, hawan jini baya sallama, kuma in kun ga bakin mutum ya karkace ko hannu ya saki ko harshe ya sarƙe kada ku tsaya shafa masa wani abu ko jiran gari ya waye, ku kai shi asibiti a take, addu'a kuma kuyi ta a hanya.

Da aka sallame mu muka dawo gida sai rayuwa ta zama wata iri. Mutumin da yake ɗaukar nauyinmu duka yanzu ni nake ɗaga shi, ni nake masa wanka a kan gado, in canja masa famfas, in juya shi kaman bayan kowane awa biyu dare da rana sabida nas ta gargaɗe ni cewa in ya daɗe a gefe ɗaya fatar zata ɓare ta zama gyambo, in bashi abinci da ƙaramin cokali a hankali a hankali don haɗiya tana masa wuya yana iya shaƙewa. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, toh. In yana jin ƙishi toh, in wani wuri na masa ciwo toh, in ya ga yara sun shigo toh toh toh hawaye na zuba. Babu yadda za'ayi in bar shi in tafi sujada, yaran kuma manyan suna nesa wurin karatu da aiki, ƙaramar bata isa ta ɗaga shi ba.

Da farko mutane sun zo sosai, ba zan ɓoye alherinsu ba, asibiti cike gida cike, matan zumunta sun zo, 'yan kwaya sun zo, an taimaka mana da kuɗin magani. Amma ciwo in ya daɗe ƙafa takan ɗauke a hankali, kowa da nasa damuwar. Ana cikin haka korona ta shigo, a watan Maris 2020 aka fara kulle ko'ina a duniya, aka rufe wuraren ibada, 'yan kaɗan ɗin da suke leƙo mu suma suka daina, kuma da gaskiyarsu don mara lafiya irinsa in cutar ta kama shi sai dai ikon Allah.

Bazan manta Ista ta wannan shekarar ba, 12 ga Afrilu. Na jingina waya a jikin kwalbar magani a bakin gadonsa, Baba Fasto yana tsaye yana wa'azi a gaban kujeru babu kowa a kai, yace Almasihu ya tashi, ni kaɗai a ɗaki na amsa nace hakika ya tashi, ban gama rufe baki ba netwok ya ɗauke hoton ya tsaya cak. Na zauna ina kallon fuskar fasto a daskare a kan waya, maigida yana kallon silin.

Kada wani ya ɗauka ina raina sujadar waya. Na gode wa Allah domin waɗanda suka sha wahalar ɗaukar bidiyo suna turawa, da babu su da ko Kalmar ma bazan ji ba a wancan lokacin, kuma har gobe akwai wanda ita kaɗai ce hanyarsa. Sai dai ga abinda na gani. Waya bata san ko kina nan ko bakya nan ba. In gyangyaɗi ya ɗauke ni tsakiyar wa'azi don ban yi barcin dare ba, wa'azi na ta tafiyarsa. In na tashi gyara masa shimfiɗa na dawo an riga an sa albarka an tashi. Babu wanda zai kalli idona yace Mama yau kin yi kuka, babu wanda zai riƙe hannuna lokacin addu'a, ni ma babu wanda zan yi wa komai. Ina karɓa ne kawai, kuma a hankali har karɓar ma ta fara gagara. Addu'ata ta bushe, in durƙusa in ce Uba, sai shiru, babu kalma ta biyu. Da dare in ina juya shi tunani iri iri suna zuwa, wai Allah ya juya mana baya, wai duk shekarun da mutumin nan yayi yana waƙa a gaban Allah ga sakamakon, kuma babu wata murya a kusa da zata ce min ƙarya ne. Mutum shi kaɗai da tunaninsa da tsakar dare, duk abinda Shaiɗan ya raɗa masa yakan yi kama da gaskiya. Zabura 42 ce na riƙe a lokacin, inda mai zabura yake tuna yadda dā yakan tafi tare da taron jama'a zuwa ɗakin Allah da sowa da waƙoƙin godiya, yanzu kuma hawaye ne abincinsa dare da rana. Na gane mutumin nan sarai. Bai ce ya manta Allah ba, yana ta magana da Allah ma, amma duk da haka ransa yana marmarin taron.

Abinda yafi min ciwo ma ba lokacin kulle ba ne, don lokacin kowa yana gida duk ɗaya muke. Bayan an buɗe ne, kowa ya koma mu bamu koma ba. Safiyar Lahadi in ji mutane suna wucewa da yaransu ni ina wankin zanin gado. Wata rana wani ɗan'uwa ya turo min saƙo a waya, na tabbata da kyakkyawar niyya ya turo kuma ba ni kaɗai ya tura wa ba, Ibraniyawa 10:25 ce, cewa kada mu daina taruwarmu kamar yadda waɗansu suka saba. Na karanta na ajiye wayar na shiga banɗaki nayi kuka mai isata don kada maigida ya gani. Daga baya da zuciyata ta kwanta na buɗe Littafi Mai Tsarki na karanta wurin daga sama, sai na ga aya ta 24 ce ta riga zuwa, ita kuma cewa tayi mu lura da juna, mu san yadda zamu iza juna ga ƙauna da ayyuka nagari, ta 25 ɗin ma bata ƙare a kan kada ku daina taruwa ba, ta ci gaba tace ku ƙarfafa juna. Ashe ayar nan ba ga wanda bai zo ba kaɗai take magana, tana magana da waɗanda suka zo suka zauna kusa da kujerar da babu kowa basu tambaya ba.

Wanda Allah ya yi amfani da ita wata tsohuwa ce a ikilisiyarmu, gwauruwa, kowa Kaka yake ce mata, da sanda take tafiya kuma bata da waya mai intanet balle tasan wani abu wai shi sujadar onlayin. Ita dai ta lura ta daɗe bata ji muryar nan ta layin baya a kwaya ba. Rannan da rana tsaka sai ga sallama, ko sanarwa babu. Ta shigo ta zauna a bakin gado ta kama hannunsa na hagu tace sannu ɗana, yace toh, ta daɗe tana kallonsa sannan ta juyo ta kalle ni daga sama har ƙasa tace 'yata kin rame. Nace Kaka jinya ce. Tace yaushe rabonki da cin jibin Ubangiji. Na buɗe baki na kasa amsa sai hawaye. Bata yi min wa'azi ba, bata ce in yi haƙuri ba, cewa kawai tayi zumunta ai a ƙafa take, ta ɗauki sandarta ta tafi. Daga baya naji daga gidanmu kai tsaye wurin dattawan ikilisiya ta nufa, wani a cikinsu yace ai Yakubu 5:14 cewa tayi mara lafiya ya kira dattawa kuma ba'a kira su ba, Kaka tace to mutumin da bakinsa ya rufe da me zai kira ku, ni na zo na kira ku a madadinsa.

Lahadin da ta biyo baya da yamma suka zo. Baba Fasto da Mama matarsa, dattijo ɗaya, Kaka, wasu daga cikin matan zumunta da 'yan kwaya kaɗan abokan waƙarsa, kowa da takunkumi a fuska an buɗe taga don iska. Ɗakin ƙarami ne, wasu a kan tabarma wasu a tsaye a bakin ƙofa, na rasa inda zan sa kaina ina ta ba da haƙuri sabida warin magani da kayan jinya ko'ina, Mama ta kama kafaɗata ta zaunar da ni tace yau ba aikinki ba ne, zauna ki yi sujada. Aka tada maigida aka jingina shi da filo biyu. Baba Fasto yayi addu'ar buɗewa sannan yace a ɗauko waƙa, ɗaya daga cikin 'yan kwayan ya ɗauko wata tsohuwar waƙa ta littafin waƙoƙi wadda suka yi shekaru suna rerawa tare, baiti na farko ya wuce kowa yana yi a hankali, ni ko bakina ban iya buɗewa ba. Da aka zo amshi sai naji wata murya daga kan gado. Na ɗauka kunnena ne. Na juya, bakinsa a karkace yawu na zuba ta gefe amma kalmomin suna fita, ba duka ba, ba sarai ba, amma kalmomin waƙar ne kuma a kan muryarsa ta dā, ƙasa ƙasa. Mutumin da tun ranar da ya faɗi ban ji komai daga bakinsa ba sai toh, ga shi yana kiran sunan Yesu cikin waƙa. 'Yan kwayan suka kalli juna muryoyinsu suna rawa amma basu tsaya ba, Kaka ce ta ɗaga hannu tana musu alama su ci gaba su ci gaba, suka maimaita amshin nan ban san sau nawa ba, ƙaramar 'yarmu ta fita da gudu tana kuka tana kiran yayanta a waya wai Baba yana waƙa.

Da na faɗa wa likita a ranar asibiti bai yi mamaki ba, yace an san wannan, sau da yawa wanda magana ta ɗauke masa sabida ɓangaren hagu ya taɓu yakan iya rera waƙar da ya sani tun dā don waƙa tana amfani da ɗayan ɓangaren ma, har masu koya wa irinsu magana suna amfani da waƙa wajen aikinsu. Na ji daɗin bayanin, bai rage min godiya ko kaɗan ba, Allahn da ya halicci ƙwaƙwalwa da ɓangare biyu shi ya bar masa wannan ƙofar. Amma ni nasan abu ɗaya, waƙar nan ɗin na sha kunna masa ita a waya, kallon silin kawai yake yi. Sai ranar da 'yan'uwansa suka tsaya kewaye da gadonsa da jikinsu da numfashinsu sannan bakin ya buɗe.

Bayan waƙa Baba Fasto ya fito da gurasa da ƙoƙo na jibin Ubangiji. Ya tambaye ni yadda haɗiyarsa take, na faɗa masa, sai ya gutsuri ɗan mitsitsi ya jiƙa a cikin ƙoƙon ya sa masa a baki da hannunsa ya jira har ya haɗiye, sannan ya juyo wurina. Gurasar da aka gutsura masa ita aka gutsura min, ita aka ba Kaka da sauran, aka karanta 1 Korantiyawa 10:17 inda Bulus yace da yake gurasar ɗaya ce mu ma duk yawanmu jiki ɗaya ne. Wannan kam babu wayar da zata iya miƙo miki shi. Baba Fasto yace mana abinda suka yi yau ba sabon abu ba ne, wani Kirista mai suna Jastin wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiya ya rubuta wajen shekara ta 155 yadda suke sujada, cewa ranar Lahadi na birni da na ƙauye duk sukan taru wuri ɗaya, a karanta rubutun manzanni da na annabawa, shugaba yayi gargaɗi, a tashi tsaye ayi addu'a tare, a ci gurasa a sha ƙoƙo, sannan dikinoni, wato masu hidima a ikilisiya, su ɗauki rabon waɗanda basu samu zuwa ba su kai musu har gida, baikon da aka tara kuma a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da waɗanda suke kurkuku. Sai ya sunkuyar da kai yace Mama tun tuni ya kamata mu zo. Nace Baba ai kun zo.

Daga ranar basu daina ba, aka tsara ana zuwa bi da bi. Da jikinsa ya ɗan yi ƙarfi da taimakon masu gashin ƙashi har yana iya zama a keken marasa lafiya, sai matasa suka ce su fa suna so su ga Baba a coci. Matsalar ita ce matakala, a gida akwai a coci ma akwai, kuma shi ba ƙaramin mutum ba ne. Samari huɗu suka zo da sassafe, biyu gaba biyu baya, suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya suna ce masa Baba kada ka ji tsoro muna riƙe da kai. Ina bin su a baya da jakar magani da tawul sai labarin Markus 2 ya faɗo min a rai, mutanen nan huɗu na Kafarnahum da suka ɗauko shanyayye, suka rasa hanya sabida taro har suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Abinda ban taɓa lura da shi ba duk karatun da nayi tun ina yarinya shine aya ta 5 tace Yesu ya ga bangaskiyarsu, tasu, ta masu ɗaukar. Akwai lokacin da taka bangaskiyar bata iya tsayawa da ƙafarta, ta wasu ce zata kai ka. Ni ma a ranar ɗauke ni aka yi ko da yake da ƙafata na shiga, don da aka tashi waƙa muryata ta ƙi fita, da aka zo addu'a bani da kalma, na tsaya kawai a tsakiyar mutane, ta dama tana waƙa ta hagu tana waƙa na baya suna cewa amin, abinda na kasa faɗa wa Allah watanni da yawa naji ana faɗa a kewaye da ni da bakuna daban daban, har zuciyata ta fara cewa i, haka ne, har yanzu haka ne.

Daga baya dattawa suka sa aka yi gangare a gefen matakalar don keke ya riƙa hawa. Anan ina roƙon shugabannin ikilisiyoyi da girmamawa, in kuna gini ku tuna da guragu da tsofaffi da masu sanda. Muna kashe kuɗi a kan lasifika da fenti amma ƙofar da mai keke zai shiga babu, sannan mu ce mutane basa zuwa. Tun da aka yi gangaren nan mun ga fuskokin da muka daɗe bamu gani ba, ashe matakala ce kawai ta tsare su a gida.

A nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako Baba Fasto ya ƙara bamu tarihi wanda ya tsaya min a rai. Wani gwamnan Roma mai suna Filini da yake mulkin Bitiniya, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya rubuta wa Sarki Tarajan wasiƙa wajen shekara ta 112 yana neman shawara yadda zai yi da Kiristoci, shi ba mai bi ba ne hukunta su ma yake yi, amma abinda ya gano a bincikensa shine suna da wata rana da sukan taru tun gari bai waye ba su rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, su ɗauki alkawari ba zasu yi sata ko zina ko cin amana ba. Sannan a shekara ta 303 Sarki Diyokilishan ya hana taron Kirista gaba ɗaya, a 304 aka kama mutum 49 a wani gari Abitina, a Tunisiya ta yau, suna sujadar Lahadi a gidan ɗayansu, da aka tambayi wani a cikinsu wanda shi ma ake taruwa a gidansa me yasa ya bar su suka taru bayan sarki ya hana, yace ba zamu iya rayuwa ba in babu jibin Ubangiji. Sun mutu a kan haka. Mutanen nan sun san Allah yana ko'ina, sun san zasu iya addu'a a ɓoye kowa a ɗakinsa babu mai kama su, amma suka ga taron ya kai a ba da rai dominsa. Da naji wannan a dā da sai in ce tarihi ne, amma bayan abinda na ɗanɗana na gane me suke nufi.

Nasan akwai masu cewa su mutanen coci ne suka kore su, gulma, nuna bambanci, wanda ya ci amanarsu yana zaune a gaba yana ɗaga hannu. Bazan ce ƙarya kuke ba, ni ma a cikin jinyar nan naji maganganu, har akwai wadda tace a bincika ko akwai wani zunubi a gidan. Ya yi min zafi ƙwarai. Amma ikilisiyar Koranti ma da Bulus ya rubuta musu akwai tsattsaguwa da kai juna kotu har da masu buguwa a wurin jibin Ubangiji, bai ce musu kowa ya koma gidansa ba, gyara yadda suke taruwa yayi, ya kuma ce ido ba zai ce wa hannu bana bukatarka ba. Taron da wadda ta faɗi maganar nan take ciki, a cikinsa Kaka take, a cikinsa samarin nan huɗu suke. In inda kake ana cutar da kai da gaske ko ana koyar da abinda ba Kalmar Allah ba, nemi wata ikilisiya mai tsoron Allah, wannan daban ne da zama kai kaɗai.

Ɗana da ya yi min waccan maganar, da ya dawo hutu shi ya karɓi tura keken babansa. Ban yi gardama da shi ba, Yahaya 20 kawai na nuna masa, ranar da Yesu ya tashi ya bayyana ga almajirai suna tare a ɗaki a kulle Toma baya nan, ya kwana takwas yana fama da shakkarsa alhali sauran suna murna, kuma da Yesu ya tashi warkar da shakkar nan bai same shi a wani lungu shi kaɗai ba, sai da suka sake taruwa Toma yana cikinsu. Yaron bai ce komai ba, amma yanzu a inda yake aiki ya sami ikilisiya har yana taimaka wa ajin yara.

Maigida har yanzu hannun dama bai dawo ba, yana takawa kaɗan da sanda in an riƙe shi, magana tana zuwa ɗaya ɗaya, yana iya kiran sunana da na yara, in kalma ta maƙale masa wani lokaci sai ya rera ta sannan ta fito. 'Yan kwaya sun ajiye masa wuri a ƙarshen layin baya inda keke zai iya tsayawa. Kaka ta riga mu gidan gaskiya, ni da wasu mata muka ɗauki aikinta, bayan an tashi sujada mukan tsaya mu tambayi juna wa bamu gani ba yau, wa muka daɗe bamu gani ba, da yamma mu tafi da littafin waƙoƙi, in da hali mu tafi da dattijo ko fasto. Mun tarar da abubuwa da yawa a bayan ƙofofi, tsoho da ido ya mutu babu mai jagora, matar da ta haihu jaririn bai zo da rai ba ta kasa haɗa ido da mutane, wani kuma kunyar bashi ce kawai ta hana shi fitowa.

Yanzu haka akwai wata yarinya da muke zuwa wurinta, ita kaɗai take jinyar mamanta mai irin ciwon maigidana, ta bar makaranta saboda haka kuma ta gaji ƙwarai, muna neman waɗanda zasu riƙa karɓarta ko na safiyar Lahadi ne don ta samu ta shiga cikin jama'a. Dan Allah ku sa ta cikin addu'a ita da mamanta, ku sa maigidana ma, likita yace a ci gaba da gashin hannun kada a gaji, ni kuma ku roƙa min ƙarfin baya don ɗaga shi ya fara taɓa min ƙugu.